Tambaya da Amsa: Wasa ya kammala, to wa zai gan shi a kanti?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu daga matasa masu haɗa wasannin kwamfuta da na waya suka fito, kuma kukan kusan ɗaya ne: an sha wahalar aiki, amma idon masu saye bai kai kansa ba. Ga biyar daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina muna haɗa wani wasa irin na wasa ƙwaƙwalwa, inda mai bugawa yake gyara agogunan wani gari da lokaci ya tsaya masa cak. Muna so mu sake shi a Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta a intanet, nan da wata biyu. Shirinmu shi ne mu ɓoye komai sai ranar fitowa, mu buɗe shafi mu saki wasan lokaci guda don ya zo wa mutane da ba-zata. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne shawarwarin da muke karantawa, wannan ya ce gabas wancan ya ce yamma. Ga hoton bango da tirelar wasan, wato gajeren bidiyon tallarsa, nan na haɗo maka. Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku ajiye maganar ba-zatan nan tun yanzu, domin ko kun so ba za ta yiwu ba. Kamfanin Valve, mai Steam, ba ya barin wasa ya fita sai shafinsa ya yi aƙalla mako biyu a buɗe yana sanar da cewa wasan na nan tafe. Mako biyun nan kuwa ƙaramin sharaɗi ne kawai. Wanda ya san kan harkar watanni yake ba shafinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarwarin da kuke gani suna karo da juna saboda a zamani daban-daban aka rubuta su, kuma kowace ta yi daidai a lokacinta. An buɗe Steam a 2003. Shekaru da dama ma'aikatan Valve ne ke zaɓar wasan da zai shiga da hannunsu, wasannin kuma ba su da yawa, don haka duk wanda ya samu shiga ya gama rabin tallarsa: sabon wasa zai zauna a shafin farko kwanaki kowa na kallonsa. A 2012 aka kawo Greenlight, inda masu saye ke kaɗa ƙuri'a kan wasan da suke so a shigar. A 2017 aka rushe wannan aka kawo Steam Direct: ka biya dala 100 kan kowane wasa, ka cike takardu, ka shiga, idan cinikinka ya kai dala 1,000 a mayar maka da kuɗinka. Ƙofa ta buɗe wa kowa, kuma ni ina ganin alheri ne, don da a tsohon tsari ne ƙila ku biyun nan ba ku samu ko amsar wasiƙa ba. Amma ga abin da ya biyo baya: ƙididdigar SteamDB, shafin da ke bibiyar alƙaluman Steam, ta nuna wasanni sama da 14,000 ne suka fito a 2023, sama da 18,000 a 2024. Ka raba adadin ƙarshen nan da kwanakin shekara, za ka ga wajen wasa hamsin ke fitowa kowace rana. Ranar da naku zai fita, wasu kusan hamsin ne za su fito tare da shi.

Abu na biyu da ya sauya shi ne shafin farkon kansa. Tun daga 2014 Steam ya fara tsara wa kowane mai saye nasa shafin, gwargwadon abin da ya saya da abin da yake bugawa. Abin da ni zan gani idan na buɗe daban yake da abin da kai za ka gani. Valve kuma ya sha faɗa cewa ba ya sayar da gurbin talla a kantinsa, don haka babu wanda za ku ba kuɗi ya ɗora ku a gaba. Tsarin lissafin kantin ne ke yanke hukunci, kuma babban abin da yake dubawa shi ne ko mutane na saye suna bugawa. Idan ya ga wasa na tafiya sai ya ƙara nuna shi, idan ya ga shiru sai ya wuce. Ke nan turin farko daga wajenku zai fito, kantin ƙari kawai yake yi a kan abin da kuka kawo.

A nan ne amfanin buɗe shafi da wuri yake. Duk wanda ya ga shafinku ya yi sha'awa zai iya saka wasan a jerin abubuwan da yake burin saye. Ranar fitowa Steam zai aika wa waɗannan mutanen saƙon imel cewa wasan ya fito, haka kuma duk lokacin da kuka yi rangwamen kashi 20 cikin ɗari ko fiye. Wasan da ya tara masu jira da yawa yakan hau jerin fitattun wasannin da ke tafe, inda baƙin ido za su gan shi kwanaki kafin ya fita. Idan kuka buɗe shafi a makare, ranar fitowa babu wanda za a aika wa saƙo.

Sai kuma sharhin masu saye. Sai wasa ya samu sharhi goma kafin kantin ya nuna makinsa, kuma tun 2016 sharhin wanda ya saya kai tsaye a Steam ne kawai ke shiga lissafin maki. Wanda kuka ba lambar kyauta zai iya rubuta ra'ayinsa, amma ba za a ƙirga shi ba. Na faɗi haka ne don na san dabarar da ke fara zuwa wa matashi ita ce raba wa abokai kyauta su yaba.

Yanzu ga abin da ka turo. Hoton bangonku a girmansa yana da kyau ƙwarai: hasumiyar agogo, sararin sama ja, ƙananan mutane a tsaye kamar gumaka. Sai na rage shi zuwa girman da zai bayyana a jerin bincike, ɗan tsiri da bai kai faɗin yatsa biyu ba. Sunan wasan ya ɓace gaba ɗaya, saboda kun rubuta shi da siraran haruffa masu launin toka a kan jan sama, mutanen kuma sun koma ɗigo-ɗigo. A wannan ƙaramin girman mafi yawan mutane za su fara ganinku. Ku ƙara kaurin haruffa, ku cire mutanen, ku bar fuskar agogo ɗaya babba mai tsagaggen gilashi. Kada ku yi tunanin cike gurbin da rubutun yabo: tun watan Satumba na 2022 Valve ya hana saka makin sharhi, sunan lambar yabo ko tallar rangwame a kan hoton bango. Duk jagorar da ta ce ku yi haka tsohuwa ce.

Tirelar ita ta fi damuna. Ta fara da tambarin ƙungiyarku yana juyawa a hankali, sai baƙin allo da rubutu, sai hoton gari daga nesa. Sai can tsakiya na ga hannu ya ɗauki ƙaramin haƙorin agogo ya saka a gurbinsa, agogon ya buga, wata mata da ta daskare da tulu a hannu ta ci gaba da tafiya. Wannan shi ne wasanku, kuma abin ya taɓa ni. Ku kawo shi daƙiƙar farko. Mai yawo a kanti yakan kalli tirela ba sauti, yatsansa na kan hanyar wucewa, ba zai jira tambarin mutanen da bai sani ba.

Ku kula da alamomin da kuke liƙa wa wasan, waɗanda ke gaya wa kantin irinsa. Idan kuka tsaya kan na gama-gari irin su kasada ko ƙaramin kamfani, kun jefa kanku cikin dubbai. Ku nemo wasanni biyar da mai son naku zai so, ku duba alamominsu, ku ɗauki waɗanda suka dace da gaskiyar naku. Harshe ma yana cikin lissafi, don kantin ya fi nuna wa mutum wasan da ke cikin harshen da ya zaɓa. Wasanku rubutunsa kaɗan ne, fassara shi ba za ta ci kuɗi sosai ba.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe. A watan Oktoba na 2018 masu ƙananan wasanni da yawa sun wayi gari sun ga masu leƙa shafukansu sun ragu ƙwarai, ba tare da sun canza komai ba. Daga baya Valve ya amsa cewa wani gyara da ya yi ya zo da kuskure, har sashen da ke nuna wasanni masu kama da juna ya koma cika da manyan wasannin da suka riga suka yi kasuwa. An gyara, amma cinikin da ya wuce ya wuce. Mai wasa a kanti ɗan haya ne, mai gida na iya sauya wajen ƙofa ba tare da ya yi shawara da shi ba. A 2024 ma an hana saka adireshin wasu shafukan intanet a cikin bayanin wasa. Saboda haka tun yau ku fara tara mutanenku a inda ku ke da iko: jerin imel na masu son labarin wasan, ko zauren Discord, ko da mutum ɗari ne. Ku ɗage fitowar in da hali. Wata biyu ya yi kaɗan.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ji Epic Games Store kashi 12 kawai yake cira, Steam kuwa kashi 30. Me zai hana in kai wasana can in huta? Daga wata mai zanen wasanni.

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Abin da kika ji gaskiya ne, har ma ya fi haka. An buɗe kantin Epic a watan Disamba na 2018 da rabon 88 ga mai wasa, 12 ga kanti, kuma daga watan Yuni na 2025 ba ya cirar komai daga dala miliyan ɗaya ta farko da wasa ya samu a shekara. Steam yana nan kan kashi 30, sai dai tun ƙarshen 2018 yakan sauka zuwa 25 idan ciniki ya haura dala miliyan 10, zuwa 20 idan ya haura miliyan 50. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: sauƙin ya tafi ga waɗanda suka fi kowa ƙarfi, mai ƙaramin wasa da ke lissafin kuɗin haya shi ke biyan kaso mafi tsada, kuma ban ga adalci a ciki ba.

Amma ki yi lissafin da kanki. A ce wasanki dala 10 ne, kin sayar da kwafi 1,000 a Steam. Kafin haraji da masu mayar da kaya, dala 7,000 ce taki. A kantin da ba ya cirar ko sisi, sai kin sayar da kwafi 700 kafin ki kamo wannan. Tambayar ita ce ko za ki samu bakwai cikin goma na masu sayen a can. Ga ƙaramin wasa da ba a san shi ba, abin da wuya. Epic ya jawo jama'a ne da wasansa Fortnite da kuma wasannin da yake rabawa kyauta kowane mako, da yawa daga masu shiga kyautar suke zuwa ɗauka su fita. Kayan aikin kantin ma sun zo a makare, ko kwandon saye sai a ƙarshen 2021 aka saka, shekara uku bayan buɗewa. Abin da kike biya a Steam shi ne taron mutanen da suka saba shiga da niyyar saye, da hanyoyin da ke kai su ga wasan da ba su taɓa jin sunansa ba.

Babu dokar da ta ce sai ɗaya. Sai dai idan kin shiga yarjejeniyar keɓe wasanki ga kanti ɗaya, kina iya saka wasanki a duka biyun, har da itch.io, inda mai wasa ke yanka wa kantin kason da ya ga dama. Shawarata dai a makon fitowa ki tura duk mutanenki kanti ɗaya, don cinikin ya taru wuri guda har lissafin kantin ya lura da ke.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, wasannin waya nake yi, irin waɗanda ake saukewa kyauta ana samun kuɗi ta talla. Manyanmu a harkar suna cewa da can ana sayen talla a ci riba, yanzu abin ya lalace. Me ya faru, kuma ina mafita ga wanda ba shi da jari? Daga wani mai haɗa manhajoji.

AMSA: Ɗan'uwa, manyan naka sun gaya maka gaskiya. Kasuwar wasan kyauta a kan lissafi guda ta tsayu: nawa ka kashe kafin mutum ɗaya ya sauke wasanka, nawa kuma zai kawo maka kafin ya goge shi. Da can kowace wayar iPhone na da lambar da kamfanonin talla ke bi, su san wanda ya ga talla, wanda ya sauke, da wanda ke kashe kuɗi a cikin wasa, sai su nemo masu kama da shi. A watan Afrilu na 2021, da fitowar iOS 14.5, sabon tsarin wayar iPhone a lokacin, Apple ya wajabta wa kowace manhaja ta nemi izinin mai waya kafin ta bi sawunsa. Mutane da yawa suka ce a'a, kuma haƙƙinsu ne, ni ma ina goyon bayan a tambayi mutum. Sai dai talla ta koma harbi cikin duhu, ribar da ke tsakanin kuɗin da aka kashe da wanda aka samu ta tsuke, masu ƙananan wasannin da ake bugawa a yar suka fi jin jiki.

A gefe guda kantunan waya, saɓanin Steam, suna sayar da gurbi. Apple ya fara saka talla a sakamakon bincike tun 2016, ya ƙara wasu guraben a 2022, Google Play ma yana da nasa. Mutum zai rubuta sunan wasanka daidai, abin da zai fara gani a sama tallar wani ne. Da mai jari ba za ka yi gasa a nan ba.

Ga abin da ke hannunka. Kantunan biyu sun rage kasonsu zuwa 15 cikin ɗari ga ƙananan masu manhaja a 2021, amma sai ka yi rajistar tsarin, ka tabbata ka yi. Dukansu suna ba ka damar gwada tambari biyu ko hotuna iri biyu, a nuna wa mutane daban-daban a ga wanda ya fi jawo saukewa, kuma kyauta ne. Ka yi amfani da shi, don tambari kaɗai na iya sauya yawan masu saukewa. Sannan idan sabon asusu na ƙashin kanka za ka buɗe a Google Play, ka san cewa tun watan Nuwamba na 2023 sai mutane sun gwada manhajarka a rufe na kwana 14 a jere kafin a ba ka izinin fitowa fili. Da mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Wasu na sayen masu gwajin bogi don su tsallake. Kada ka yi. Ka nemo mutum goma sha biyu na gaske, ka zauna kusa da wasunsu ka kalli inda yatsansu ke tsayawa, inda suke ɓata fuska, da minti nawa suke yi kafin su ajiye wayar. Abin da za ka gani a nan ya fi abin da talla za ta saya maka. Gajerun bidiyo na ainihin wasan a TikTok da YouTube su ne hanyar da ta rage wa marar jari, kuma tana son naci.

TAMBAYA: Malam, wai da gaske ne idan ka karya farashin wasa ƙasa warwas zai hau jerin waɗanda aka fi saye, daga nan kasuwa ta buɗe? Daga wani mai bibiyar filin nan.

AMSA: An yi haka, musamman a kantin eShop na na'urar wasa ta Nintendo Switch, lokacin da yawan kwafi ake ƙirgawa. Masu wasa kan zabge kashi 90 ko fiye, wasan ya koma 'yan sentoci, ya hau jeri, a gan shi. Nintendo ya fara toshe hanyar da hana rangwamen da ke kai farashi ƙasa da dala 1.99, sannan a 2025, dab da fitowar Switch 2, ya mayar da jerin kan kuɗin da aka samu cikin kwana uku na baya. Kiɗa ya canza, rawar ma ta canza. A Steam jerin waɗanda aka fi saye kan kuɗi yake tafiya. Wanda ya saba wa mutane da zabge farashi kuma yana koya musu jira ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗanɗanon wasana, matakai uku na farko, amma da sauran gyara. Bikin Steam Next Fest ya kusa. In shiga yanzu ko in jira? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki jira. Bikin sau uku ake yinsa a shekara, Fabrairu da Yuni da Oktoba, mako guda kowanne, kuma na wasannin da ba su fito ba ne masu ɗanɗanon da za a iya bugawa. Sau ɗaya tak ake barin wasa ya shiga. Idan kika shiga da ɗanɗanon da ke tsayawa a mataki na biyu, damar ta tafi ke nan. Bikin kuma ya cika da jama'a, wasanni ne birjik, kuma wanda ya shigo da mutanensa shi ya fi fita da ƙari.

Ba sai kin jira biki kafin ki saki ɗanɗanon ba. Tun gyaran da Valve ya yi a tsakiyar 2024, ɗanɗano na iya samun shafinsa na kansa da sharhinsa, kuma kina iya sa a sanar da masu jiran wasanki cewa ya fito. Ki sake shi watanni kafin bikin da kika zaɓa, ki aika wa masu buga irin wasanki a YouTube da Twitch, ki fara da ƙanana don su suka fi amsa saƙo. Wasan Balatro, wanda mutum ɗaya ya haɗa, ɗanɗanonsa ya yi watanni yana yawo a hannun masu bidiyo kafin ya shiga bikin Fabrairu na 2024, ya fito a cikin watan. Ki kalli bidiyon duk wanda ya buga naki daga farko har ƙarshe, ki rubuta wuraren da ya rikice, ki gyara. A ƙarshen mataki na uku ki saka maɓalli babba da zai kai mutum shafin wasan ya saka shi a jerin burinsa. Sannan ki yi rajistar bikin da ya fi kusa da ranar fitowarki, ki duba ranar rufe rajista tun yanzu, don ana rufewa makonni da dama kafin a fara.